Zarto Mai Batir da Shingen Lambu

(Kiɗan buɗe shiri)

 Gaisuwa ga mutanen Jiga Makera da Jiga Birni, da Sabiyal da Kashin Zama da cikin garin Aliero. Gaisuwa ga na Jega da Kimba da Gindi, da na Maiyama da Andarai da Mungadi da Sambawa. Wanda ke gona Allah ya sa albarka, wanda ke bisa hanya Allah ya kai lafiya.

Yau kan wani ƙarfe za mu yi magana, wanda ya fara bayyana a shagunan masu kayan aiki, matasa kuma suna ganin tallarsa a waya: injin zarto mai aiki da batir. Ɗan'uwan injin nan ne na masu yanka katako, mai sarƙa mai haƙora, sai dai shi ba ya shan fetur, caji ake yi masa. Manomi zai tambaya, wannan abu zai yi mini aikin shinge da sassabe kuwa, ko kayan wasan 'yan birni ne? Ga amsata tun ba mu yi nisa ba. Zai yi, matuƙar mai shi ya san cewa injin reshe ne. Wanda ya saye shi don ya riƙa kayar da manyan itatuwa daga gindi, shi zai yi asarar kuɗinsa, mu kuma mu yi asarar inuwa.

Mu fara da lissafin shinge, don a nan buƙatar take. Da an kawar da gero da dawa, an saki dabbobi, mai lambu ba ya runtsawa sai ya ga shingensa ya tsaya. Lokacin ne ake dashen albasa, wadda ta kai sunan Aliero har Legas da ƙasashen maƙwabta. Lokacin ne tattasai da tumatir ke tasowa a fadamun Gulbin Zamfara wajen Jega. Garken awaki in ya sami kafa da hantsi, kafin azahar ya gama da wahalar wata biyu. To a ɗauka lambunka hekta ɗaya ne, tsawo mita 100, faɗi mita 100. Kewayensa mita 400 ke nan. In duk bayan mita biyu da rabi za ka kafa dirka, dirka 160 kake nema, na kusurwa da na ƙofa kuma sai masu kauri. Ban da sandunan rudun da za a adana albasar, ban da rumfar dabbobi da turaku. Gara kuma ba ta zuwa hutu. Dirkar itace marar ƙwari, shekara ɗaya zuwa biyu ta zama gari.

Dirka 160 ɗin nan daga ina za ta fito? In kowacce matashiyar bishiya ce aka datse daga tushe, lambu ɗaya ya cinye bishiya 160. Lambu goma a ƙauye ɗaya, ku ƙarasa lissafin da kanku. Amma ga dogon yaro nan a bakin kowace hanya, a kowace makaranta, a ƙofar kowane gida. Halinsa ne in an rage masa rassa ya sake tofowa, sababbin rassan kuma su miƙe sambal suna neman rana. Bishiya ɗaya da aka iya gyara ta za ta ba ka sanduna yau, bayan 'yan shekaru ta sake ba ka, gindinta na nan tsaye. Kuma gara ba ta cika son itacensa ba. Wannan aiki na cire reshe mai kaurin damtse ko cinya, shi ne daidai ƙarfin zarto mai batir.

Wani dattijo zai ce, da can da me muke yi? Da gatari da adda da barandami, Baba, kuma har gobe ba su mutu ba. Aibinsu a wannan aiki shi ne cin lokaci, sai kuma irin raunin da suke bar wa bishiya. Gatari yakan tsaga reshe, nauyin reshen ya ɓare ɓawo har jikin uwar, ruwan damina ya kwanta a wurin, ruɓa ta shiga. Shi kuwa injin fetur, ƙarfi kam ba a magana, amma ku dubi abin da ke biye da shi. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai, litar da ake saye ƙasa da naira 200 a farashin hukuma ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Ga man gauraye da ake zuba wa fetur ɗin, mililita 20 a kowace lita ga wasu injuna, 40 ga wasu, in aka kuskure awo injin ya ƙone. Ga filogi, ga igiyar tayarwa mai tsinkewa, ga ƙarar da ke kurmantar da mutum a hankali bai sani ba. Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. Mai injin fetur ba zai ɗauko injinsa daga Jega ya zo Jiga don ya cire maka rassa ashirin ba. In ya zo, sai an nuna masa gindi, don a nan ribarsa take. Haka muke rasa manyan itatuwa saboda ƙaramar buƙata.

Wani abin sha'awa, injin zarto na farko da Bajamushen nan Andreas Stihl ya ƙera a 1926 na lantarki ne, mutum biyu ke riƙe shi saboda nauyi. Na fetur ɗinsa sai 1929 ya fito. Abin da ya hana na lantarki shiga daji shi ne waya: ina za ka jona ta? Batirin litiyam, irin na cikin wayoyinmu, shi ya warware wannan. Kamfanin Sony na Japan ne ya fara sayar da shi a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro jiharmu ta Kebbi, kuma a 2019 aka ba masana uku da suka yi aikin gano shi kyautar Nobel. Sai da batirin ya yi ƙarfi ya kuma yi araha sannan manyan kamfanoni irin su Stihl da Husqvarna da Makita suka ɗora shi a kan zarto.

Yanzu ku matso kusa da rediyo, don nan ne ake cutar mutane. Wanda zai sayi wannan inji, batir yake saye. Ƙarfen da robar ba su ne kuɗin ba. A jikin kowane batir akwai lambobi biyu, ɗaya da harafin V a gabanta, ɗaya da haruffan A da h. Ka ninka ta farko da ta biyu, abin da ya fito shi ne yawan wutar da batirin ke ɗauka. Misali 18 sau 5 ya ba ka 90. Wannan 90 ɗin bai wuce cikin batiran babbar waya biyar ba. Litar fetur ɗaya kuwa, in aka auna ta da wannan ma'auni, tana ɗauke da kusan 9,000. Ko da injin fetur ya ɓarnatar da kashi huɗu cikin biyar a hayaƙi da zafi, abin da ya rage ya kai batir ashirin irin wancan. Kun ga dalilin da na ce na reshe ne. Batir ɗaya mai kyau zai datse maka sanduna masu yawa in masu kaurin damtse ne. Ka ɗora shi a kan busasshiyar ƙirya mai kaurin turmi, kafin ka raba ta biyu ya yi zafi ya tsaya. Tsaga katako a tsaye kuwa, kamar yadda ake fitar da azara daga giginya, kada ma ka fara.

A cikin batirin akwai ƙananan ƙwayoyi masu kama da batirin tocila. Biyar ake jerawa su ba da 18. In sun cika taf da caji sukan nuna 20 ko 21. Saboda haka batir mai 18 da mai 20 da mai 21 duk abu ɗaya ne, kada wani ya ƙara maka kuɗi a kan lamba. Sannan akwai ƙananan injuna masu araha da za ka ga an rubuta musu 88 ko 128 da manyan baƙaƙe. In aka buɗe, ƙwayoyi biyar ɗin nan ne dai a ciki, wani lokaci ma marasa ƙarfi. Hannunka ya fi rubutun gaskiya. Batir mai 5 na ainihi yawanci ƙwaya goma ne a cikinsa, nauyinsa ya haura rabin kilo. In ka ɗaga ka ji shi sakayau, mayar masa da abinsa.

Sai caji. Wutar lantarki a ƙauyukanmu kowa ya san yadda take, saboda haka lissafin na sola ne. Faifan sola mai ƙarfin 200, a ranar da gari ya waye tangaran, zai iya cika irin wancan batir shida ko bakwai, in akwai inbata da za ta ba cajar irin wutar da take so. Lokacin hunturu hazo na rage shi, ƙura kuma na kwantawa a kan faifan, sai ana sharewa. Wanda ba shi da sola, masu shagon cajin waya na nan, a yi ciniki da su. Abin da nake ba da shawara shi ne batir biyu: ɗaya na aiki, ɗaya na caji. Mai batir ɗaya rabin wuninsa a zaman jira zai ƙare.

Babban maƙiyin batirin nan a ƙasarmu zafi ne. Masu ƙera shi suna cewa a yi masa caji a wurin da zafi bai wuce digiri 40 ba, mu kuwa a watan Maris da Afrilu muna haura haka a inuwa, balle a rana. Kada a ciro shi daga injin yana zafi a jona shi nan take, a bar shi ya huce. Kada a bar shi a kan kujerar babur da tsakar rana, ko a ɗakin kwano marar silin. Aiki da shi da sassafe ko bayan la'asar, caji kuma a wuri mai iska. In damina ta faɗi za a ajiye shi wata da watanni, a bar shi da rabin caji, kada a cika shi, kada kuma a bari ya mutu murus. Batirin da ya kumbura, ko ya fashe, ko ya faɗa ruwa, an gama da shi. Gobararsa ba irin wadda muka saba ba ce, tana tashi farat ɗaya, takan kuma sake tashi bayan an zaci ta mutu. Don haka ba a yi masa caji kusa da rumbu, ko tarin kara, ko harawa, ba kuma a ɗakin da yara ke barci ba. In ya fara hayaƙi a kashe wutar, a ja da baya daga hayaƙin, a yi ta kwarara ruwa daga nesa ko a rufe shi da yashi.

(Kiɗa)

Masu sauraro, muna nan dai kan zarto mai batir. Mu koma kan sarƙa, wadda ita ce mai yankan.

Turawan da suka ƙera wannan inji a dazuzzuka masu danshi suke gwada shi. Mu ƙasar yashi gare mu. Iskar hunturu tana cusa rairayi cikin ɓawon kowace bishiya, gara tana shafe busasshen itace da ƙasa, kuma yashi shi ne ajalin kaifin sarƙa. Haƙoran su taɓa ƙasa sau ɗaya suna gudu, kaifi ya tafi. Don haka ba a yanka itace yana kwance a ƙasa, a ɗora shi a kan wani. Inda gara ta shafa a kankare da adda tukuna. Tsohuwar dirkar shinge kuwa a duba ta da kyau, don ƙusa da guntun waya mai ƙaya sukan nutse a cikinta, su karya haƙori ko su tsinke sarƙar.

Yaya za ka san ta dakushe? Dubi abin da take fitarwa. Mai kaifi ɓarɓashi take zubarwa manya-manya, kuma da kanta take shiga itace. In ka ga gari mai laushi yana tashi, kana kuma dannawa da ƙarfi, ta mutu. Dakusasshiyar sarƙa ita ce ke shanye batir, mutum ya yi ta zagin kamfani alhali laifin nasa ne. Wasa ta ba wuya. Magagari ne siriri mai zagaye, mai kaurin milimita 4 ga yawancin ƙananan injuna, 3.2 ga 'yan mitsitsin. A cire batir, a kafe injin, a goga kowane haƙori daga ciki zuwa waje, a karkace kamar digiri 30, yawan gugar kowane haƙori daidai da na ɗan'uwansa. In gefe ɗaya ya fi kaifi, yankan zai riƙa karkacewa. Duk maƙerin da ya iya wasa lauje, in aka nuna masa sau ɗaya ya iya, kuma ga sabuwar hanyar abinci nan ga maƙeranmu. Sabuwar sarƙa tana saki bayan ɗan aiki, sai an ɗaure ta. Daidai ɗaurinta shi ne ta kwanta a jikin ƙarfen da take zagayawa ba ta reto, kuma a iya jan ta da hannu.

Mai talla zai ce maka wannan inji ba ya shan mai. Rabin gaskiya ya faɗa. Ba ya shan fetur, amma sarƙar tana shan man da ke sa ta sulɓi, in babu shi ta yi zafi ta cinye ƙarfen. Manyan suna da ɗan tanki, ƙananan kuwa da hannu ake ɗiga musu. Na san abin da za a yi, za a je wurin bakanike a ɗebo baƙin mai. Kada a yi. Baƙin mai cike yake da garin ƙarfe, yana toshe hanyar man, sannan injin yana fesa shi a kan ganyen da za ka kai wa tumakinka da ƙasar da za ka dasa albasa. In man sarƙa ya gagara, man gyaɗa zai fitar da kai wuni ɗaya, amma a wanke bayan aiki, don in ya kwana yakan daskare ya yi danƙo.

To, ga inda nake so iyaye mata ma su saurara. Injin fetur ba ya ɓoye kansa. Sai an ja igiya, sai ya yi ruri, duk unguwa ta san ya tashi, yara su watse. Wannan kuwa yana ajiye shiru kamar kububuwa a cikin ganye, alhali a shirye yake. Yaro ya ɗaga ya matsa kunamar, shi ke nan. Ƙa'ida ɗaya ce: in ba yanka kake yi ba, batir na aljihunka. Za ka gyara sarƙa, cire batir. Za ka hau babur, cire batir. Za ka je salla, cire batir. A gida kuma injin daban, batir daban, inda hannun yaro ba ya kai.

Haɗari na biyu shi ne harbi. In saman hancin ƙarfen ya taɓa wani reshe ko dutse sarƙa na gudu, injin yakan yi tsalle ya dawo wa mai shi ta fuska ko kafaɗa, da saurin da ba a iya kaucewa. Maganinsa riƙo da hannu biyu, babban yatsan hagu ya zagaye mariƙi, ka tsaya ta gefe kada fuskarka ta yi saiti da sarƙa, kuma kada ka yi yanka da hancin. Injin kirki yana da birki a gaban hannun hagu, wanda ke tsayar da sarƙa in ya yi harbi. Ka gwada shi a shago kafin ka biya. Kada a ɗaga inji sama da kafaɗa. Kada a hau bishiya da shi, hannu ɗaya na riƙe da reshe ɗaya na yanka, yadda samarinmu makiyaya suka saba da adda. Reshen sama akwai irin nasa injin, mai dogon hannu, wanda ake yanka da shi ƙafa na ƙasa. Su kuma 'yan ƙananan nan da ake riƙewa da hannu ɗaya, hannun da ke riƙe da reshen shi suka fi ci.

Tufafi ma abin dubawa ne. Babbar riga da jallabiya da rawani mai jela da hirami a kafaɗa, duk sarƙa na iya fizgarsu. A sa riga daidai jiki, da takalmi mai rufi, ban da silifa, da tabarau saboda ɓarɓashi. Kuma kada mutum ya tafi daji shi kaɗai. Allah ya yi wa Aliero baiwar masu ɗori, daga nesa ake kawo musu karaya, amma raunin sarƙa ba karaya ba ne. Nama take kwashewa da jijiya. In tsautsayi ya faɗa, a danne wurin da ƙyalle mai tsabta da ƙarfi, a ɗaga hannun ko ƙafar sama, a nufi asibiti mafi kusa, na Aliero ko Jega ko Maiyama, in abin ya fi ƙarfinsu su tura Birnin Kebbi. Kada a zuba ƙasa ko toka ko fetur a ciwo. A tambayi allurar titanus.

Yadda ake cire reshe ba a ji wa bishiya ba, yanka uku ne. Na farko daga ƙasan reshen, kamar kamu ɗaya daga jikin uwar, a shiga kashi ɗaya cikin uku na kaurinsa a tsaya. Na biyu daga sama, a ɗan gaba kaɗan, har reshen ya faɗi. Yankan farkon shi ke hana shi ɓare ɓawo. Na uku a cire guntun da ya rage, dab da kumburin nan da ke wuyan reshe, ba tare da an shafe kumburin ba, don daga nan bishiya ke rufe ciwonta. Kada a yi wa bishiya ƙwal a shekara ɗaya, a bar mata abin numfashi. Dirkar kuma a yanke ta mita biyu, a ɓare ɓawonta, a babbake gindin da zai shiga ƙasa, a binne rabin mita, a yanke kanta a karkace don ruwa ya zurare.

Akwai itatuwan da ko reshensu sai da dalili. Gawo yana zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana da taki, da rani ya ba dabba ganye da 'ya'ya. Ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da kuka, cefanen gida ne da jarin mata. Ƙirya gara ba ta cinta, shi ya sa kowa ke nemanta, mai dirka da mai turmi da mai gawayi, kuma tana daɗewa ba ta girma ba. Mun ga abin da injin zarto ya yi wa madobiya a Taraba da wasu jihohi, lokacin da ake lodinta zuwa Sin, har sai da aka sa ta cikin jerin itatuwan da duniya ke sa ido kan cinikinsu a 2017. Kebbi na cikin jihohi 11 da ke fuskantar hamada, waɗanda aka kafa wa hukumar shirin Babbar Koriyar Ganuwa a 2015. Ba zai yiwu gwamnati na dasa tsiro a gaba, mu muna bi da zarto a baya ba. Sare bishiya daga gindi, ko a gonarka take, tuntuɓi ma'aikatan gandun daji na ƙaramar hukuma tukuna. Rashin ƙarar injin ba izini ba ne.

'Yan'uwanmu na Maradi sun riga mu gane wannan. Tun 1983 wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya fara aiki da manoman can a kan abin da suke kira sassaben zamani. Maimakon a share kututturen kalgo da sabara da geza a ƙone, sai a zaɓi tofo mafi ƙarfi, daga ɗaya zuwa biyar, a rage sauran, a bar su su zama bishiya a cikin gona. Masana sun ƙiyasta cewa ta haka kimanin hekta miliyan 5 suka farfaɗo a yankunan Maradi da Damagaram, da itatuwa kusan miliyan 200. Da adda da gatari suka yi wannan. Yau daga gonarsu suke samun sandar shinge da itacen girki. Mu da zarto ya zo mana, gyaran ya fi mana sauƙi.

Ni a ganina ma shingen dirka masauki ne. Ranar da ka kafa shi, ka dasa mai rai a bayansa: aguwa, ko bini-da-zugu, ko lalle, ko magarya da bagaruwa masu ƙaya. Kafin gara ta gama da dirkokin, mai ran ya haɗe. Sai dai aguwa da tinya da adda ake yankansu, don sarƙa za ta watsa maka ƙaronsu a ido. Kuma kafin a haƙa ramin farko a san inda burtali ya bi da inda mashaya take. Sauƙin samun dirka kada ya sa a tare hanyar shanu, mu jawo rigimar da ta fi ƙarfin mai unguwa.

Kuɗinsa fa? Na kirki da batir biyu ba abin manomi ɗaya ba ne, kuma aikinsa a gona ɗaya bai wuce 'yan kwanaki a shekara ba. Ƙungiyar masu albasa ko ta matasan unguwa ta haɗa ta saya, a damƙa shi hannun mutum ɗaya natsattse wanda ya koya, shi ke yanka, shi ke wasawa, a riƙa biyansa a kan dirka, ana ware kuɗin sabon batir, don batir yana tsufa ko an yi aiki ko ba a yi ba. Injin da ke yawo hannu-hannu ba ya shekara. Akwai jami'ar kimiyya da fasaha a nan Aliero tun 2006, da sashen noma da na injiniya, ƙungiya na iya zuwa neman wanda zai duba mata kafin ta zuba kuɗi.

In kun je shago, Malam, tambayi mai kaya ko yana da sarƙar canji da batirin canji na wannan injin, ka gan su da idonka. In babu, ranar da sarƙa ta tsinke injin ya zama kayan ado. Zaɓi mai tsawon ƙarfe inci 12 zuwa 14, ya ishi aikin shinge. In da hali ɗauki kamfanin da batirinsa ke shiga wasu kayan, kamar injin huda da na feshi. Na gwanjo kuma a duba cajarsa, don wadda aka yi wa Amurka wutar 110 take ci, tamu kuwa 230 ce, kana jonawa za ta ƙone. A ce mai shago ya cika batirin, a kawo guntun itace, a yanka a gabanka kafin kuɗi su bar aljihu.

Lokaci ya cim mana. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba adana albasa a rudu da abin da ke sa ta ruɓewa kafin farashi ya tashi.  

(Kiɗan rufe shiri)